Farfesa da Katin Hotonsa

Mai askin da ke kusa da tashar mota, kowa Farfesa yake ce masa, kuma yana amsawa ko kunya babu. Askinsa dai ba yabo ba fallasa. Amma da zarar ya ɗaura maka ƙyalle a wuya, ka shiga aji ke nan, ba fita sai an tashi. Darasin guda ne tun yana saurayi: kwamfutar wasa.

"Furosesa ita ce ƙwaƙwalwa," zai ce, almakashi na shawagi kusa da kunnenka. "Katin hoto kuma shi ke zana abin da kake gani a allo. In ɗaya ya fi ƙarfin ɗaya, ka yi aikin banza." Tsohon da ya zo rage gemu ma sai ya sha wannan karatu. Samarin layin kuwa ko linzamin kwamfuta ba sa saye sai sun tambaye shi. Bai yi nisa a makaranta ba, bai gaji komai ba. Sunan nan shi ne duk abin da ya mallaka.

Sai dai shi kansa ba shi da kwamfutar. Ya yi aure yana zaɓen kayan haɗa ta, aka yaye 'yarsa yana zaɓe. In ya tsayar da furosesa sai a fito da sabon kati, in ya tsayar da kati sai ya raina furosesar. Ranar da amininsa direban tasi ya ce a gaban mutane, "To Farfesa, taka fa, yaushe za mu gan ta?" ranar zaɓe ya ƙare. Ya sayo kati mai fanka uku, ya haɗa komai da hannunsa, ya hana kowa ko riƙe masa sukurdireba.

Daga nan duk ranar hutunsa abokai kan cika ɗakin. Wasan tseren mota yake sa musu. Motar na tafiya tana ɗingishi, bishiyoyin gefen titi kamar an yanko su daga kwali, shi kuwa yana nuni da baki.

"Kun ga inuwar nan? Aikin kati ke nan."

"Fankar fa ba ta juyawa," in ji direban.

"Me zai sa ta juya? Ai wasan bai isa ya sa katin gumi ba!"

Suka gyaɗa kai. Ba wanda ke da irinta balle ya gwada, kuma wa zai yarda a ce idonsa ne bai waye ba?

Wata ranar hutu ya fita sayen batir, matarsa ta ja akwatin kwamfutar don ta goge ƙasa, wayar allo ta zare. Ta leƙa baya, ta ga ramuka a sama da ƙasa, ta cusa ta inda ta shiga. Da ya dawo ya kunna, fankoki uku suka tashi da huci. Ruwa na sheƙi a kan kwalta, ana iya ƙirga ganyen bishiya, motar na tafiya sumul. Daɗi ya kama shi har idonsa ya ciko.

Sai ya duba bayan akwatin. Ramin ƙasa shi ne na kati. Na sama, inda shi Farfesa ya cusa wayar tun ranar farko, na furosesa ne. Ashe duk tsawon lokacin nan ita ce ke ta fama da zanen, katin yana zaune yana kunna fitilu kawai.

"Baban yara, na ɓata wani abu ne?" matar ta tambaya daga bakin ƙofa.

Kafin ya amsa sai ga sallamar direban daga waje, da hayaniyar samari a bayansa. Mutum ko makaho ne zai ga bambancin nan, kuma direban ba ya barin tambaya a ciki. Kafin gobe da rana labari ya gama tasha.

Ya ƙara kallon ruwan nan a kan kwalta. Sannan ya durƙusa, ya zare wayar, ya mayar da ita sama. Fankoki suka yi tsit.

"Kar ki ƙara taɓa min kaya," ya ce mata.

Suka shigo suka zazzauna, mota ta ci gaba da ɗingishinta. Direban ya girgiza kai ya ce, "Gaskiya Farfesa ka iya zaɓe." A ɗakin nan kaf, Farfesa kaɗai ne hoton ya daina burgewa.