Gidan Huseina a Kwaciri: Rayuwar Malam Kyari Mai Keke

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi Malam Kyari Modu a shekarar 1952 a unguwar Fagge ta Kano. Mahaifinsa, Ba Modu Gana, Babarbare ne da ya zo daga ƙasar Borno da fataucin kanwa da busasshen kifi, Kano ta yi masa daɗi, ya zauna bai koma ba. Mahaifiyarsa, Ya Falmata, ta shahara a Fagge da haɗa turaren wuta. Kyari ne na uku cikin 'ya'ya bakwai da suka tashi a ɗakuna biyu na haya, kuma har Ba Modu ya koma ga Mahaliccinsa bai mallaki ko taku ɗaya na ƙasa a Kano ba.

Karatunsa

An sa shi makarantar allo yana ɗan shekara biyar, sannan ya shiga firamare a 1960, ya kammala a 1967. Waɗanda suka yi karatu da shi sun haɗu a kan abu ɗaya, wato yawan tambayarsa, har malamai suka laƙaba masa Don-me. Ya taɓa kwance agogon mahaifinsa don ya ga abin da ke ƙara a ciki, ya kasa mayar da shi, ya sha dukan da bai manta ba, amma ko kaɗan hakan bai raba shi da halin ba.

Koyon Sana'a da Aikinsa

A shekarar 1971 mahaifinsa ya kai shi Sabon Gari wurin Mista Ambrose Nwokedi, wani Ibo mai gyaran keken ɗinki, yana cewa tunda yaron ba ya barin abu a ɗaure, gara a kai shi inda ake biyan mutum don ya kwance. Ya shekara shida a hannun Ambrose, wanda ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. A 1977 ya buɗe shagonsa a wani lungu da ke bayan Titin Ibrahim Taiwo, kuma cikin ƙanƙanin lokaci telolin Fagge suka san shi da Kyari Mai Keke. Al'adarsa ita ce ba ya taɓa keke da sukuddireba sai an taka shi a gabansa ya saurari kukansa, sannan ya tambayi mai shi tarihin keken tun daga ranar da aka saye shi. Teloli masu gaggawar ɗinkin salla sun sha tsine wa wannan al'ada a ransu, amma dai wurinsa suke komawa.

Aurensa da Shekarun Haya

A 1979 ya auri Huseina, 'yar Malam Sanda mai ɗinkin hula, kuma ita kaɗai ya aura tsawon rayuwarsa. Cikin shekara goma sha huɗu na farkon aurensu sun yi ƙaura sau tara a tsakanin Fagge da bakin Sabon Gari. Wani mai gidan zai aurar da ɗansa yana son ɗakunan, wani ya sayar, wani kuwa ya rasu magada sun zo rabo. A ƙaura ta tara, cikin 1993, Huseina na da tsohon ciki, ta bi bayan kurar da ke ɗauke da kayanta a ƙasa, tana kallo kwabarta ta zame madubin ya tarwatse a kan titi. Ba ta yi kuka ba. Abin da kawai ta faɗa wa mijinta shi ne ta daina kafa ƙusa a bango, domin ta gaji da cirewa. Maganar ta soki Malam Kyari matuƙa, kuma a ranar ya yi mata alkawari cewa ƙaura ɗaya ta rage mata a duniya.

Sayen Gidan Kwaciri

A watan Maris na 1994, bayan ya kwashi adashinsa na teloli ya kuma sayar da kekuna biyar da ya daɗe yana tarawa, wani dillali ya nuna masa gida a Kwaciri mai zaure da ɗaki uku da rijiya. Arhar gidan ta ba shi mamaki. Ya ƙwanƙwasa bango, ya hau ya duba rufi, ya ɗanɗana ruwan rijiyar, ya tambayi maƙwabta ko an taɓa jin motsin aljanu, aka ce masa lafiya lau. Mutumin da ke tambayar tarihin keke har ya gundiri mai shi, sai ga shi ya manta da tambaya ɗaya: me ya sa ake sayar da gidan da rani?

Amsar ta zo masa da kanta a watan Yuli. Ashe an gina gidan ne a kan tsohuwar hanyar ruwa, kuma ruwan indararon gidaje huɗu na sama da shi ta tsakar gidansa yake bi. Ruwan farko mai ƙarfi ya kai wa yara gwiwa, ya tafi da tukwane har zaure. Da ya kai ƙara wurin mai unguwa, aka shaida masa cewa hanyar ruwan ta girmi gidan, ba shi da ikon toshe ta. A nan ne kuma ya ji cewa shi ne na huɗu da ya sayi gidan cikin shekara goma, kuma kowanne daga cikin na baya jira yake rani ya yi, ƙasa ta bushe, ya sayar wa wani. Mutane da dama, har da dillalin nan marar kunya, sun ba shi shawarar ya bi sahu. Ya ƙi, saboda dalili biyu da ya sha faɗa: ba zai cuci wani yadda aka cuce shi ba, kuma ya riga ya yi wa Huseina alkawari.

Damina biyu ya yi yana nazarin ruwan. Da hadari ya zubo sai ya naɗe wando ya fita babu takalmi, yana bin ruwan lungu-lungu don ya ga inda yake fitowa da inda yake son zuwa, yana zana alama da gawayi a bango. Mutanen unguwa suka fara raɗe-raɗin ko gidan ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. A ranin 1996 shi da Onyedika magini, ɗan maigidansa Ambrose, suka haƙa kwata mai zurfi daga bangon baya har waje, suka rufe ta da falankin siminti. Tun daga lokacin ruwan unguwa ke wucewa ta ƙarƙashin tsakar gidan, ana jin gurnaninsa ana cin tuwo a kai.

Zamansa a Unguwa

Ya zauna a Kwaciri shekara ashirin da takwas cikin malaman firamare da kafintoci da 'yan dako na Kantin Kwari da direbobin Adaidaita, mutanen da ƙarfinsu bai kai na manyan unguwanni ba. Kullum a ƙasa yake zuwa shago. Duk wanda zai sayi gida a yankin yakan nemi shawararsa, shi kuwa yakan ce a bari sai Agusta a je a gani. A gidan ne 'ya'yansa suka girma, aka aurar da su, Huseina kuma ta cika bangon ɗakinta da ƙusoshi.

Kyautar Gida

A 2021 maƙwabcinsa Malam Gambo kafinta ya rasu. Magada suka sayar da gidansa don a raba gado, kuma Malam Kyari na zaune a ƙofar gida ya ga an ɗora kayan matar mamacin a Adaidaita, tsohuwa mai shekara sittin da wani abu, za a kai ta ɗaki ɗaya a gidan ɗanta. Tsoro ya kama shi. Ya san rabon Huseina a gadonsa tumuni ne, ɗaya bisa takwas, kuma ɗaya bisa takwas na gida mai ɗaki uku ba wurin kwana ba ne.

Ya ƙuduri aniyar ba ta gidan kyauta tun yana raye, amma bisa halinsa sai da ya zaga malamai uku, ɗaya a Fagge, biyu a cikin gari. Dukkansu amsa ɗaya suka ba shi, wadda ta ɗaure masa kai: idan mace ta ba mijinta gidan da suke ciki, kyauta ta yi, amma idan miji ne ya ba matarsa, kyautar ba ta tabbata matuƙar yana zaune a ciki, domin shi ke da alhakin zaunar da ita, don haka gidan bai bar hannunsa ba. Sai ya fita da kayansa a gaban shaidu, ta riƙe gidan ita kaɗai, kuma kada ya dawo da zama sai bayan shekara. Ya yi ta jero musu tambayoyi, ko zai iya komawa zaure, ko ɗakin soro ya wadatar, suka ce a'a.

Ya tara 'ya'yansa ya sanar da su. Babban ɗansa Ikrima bai ji daɗi ba, ya ce wannan tamkar zargi ne cewa za su kori mahaifiyarsu. Malam Kyari ya amsa masa da cewa: "'Ya'yan Gambo ma ba mugaye ba ne, Ikrima. Buƙata ce ta zo musu." Huseina kanta ta ƙi, ta ce ba ta son gidan da zai fitar mata da miji yana da shekara saba'in da hawan jini, amma ya dage har ta haƙura.

A watan Oktoba na 2022, a gaban mai unguwa da liman da shaidu huɗu, ya miƙa mata takardu da mabuɗai, aka ɗora katifarsa da akwatinsa da rediyonsa a Adaidaita. Ya kama ɗaki ɗaya a Sabon Gari a gidan Onyedika, wanda ya yi rantsuwa ba zai karɓi haya ba, shi kuma ya yi rantsuwa sai ya biya, har Onyedika ya haƙura. Kullum bayan la'asar yakan zo Kwaciri, ya tsaya a zaure ya yi sallama kamar baƙo, sai an yi masa izini ya shiga, ya ci abinci, ya koma kafin magariba. Abokansa na majalisa suka riƙa tsokanarsa da cewa ya koma zance da furfura, yana dariya yana lissafa musu watannin da suka rage.

Rasuwarsa

Bai cika shekarar ba. A safiyar Talata, 18 ga Yuli 2023, wata tara da fitarsa, matar Onyedika, Chinenye, ta kai masa ruwan zafi ta tarar da shi a kan dardumarsa ba ya iya magana. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa, yana da shekara saba'in da ɗaya. Ya rasu a ɗakin haya kamar mahaifinsa.

Da aka kawo gawar Kwaciri, Ikrima ya tsayar da masu ɗauke da ita a zaure, ya shiga ya nemi izinin mahaifiyarsa a yi wa mahaifinsu wanka a gidanta. Ta ce: "Ku shigo da shi. Ai ya daɗe a waje." An yi masa salla a ƙofar gidan bayan azahar, teloli suka rufe shaguna, mutanen Sabon Gari suka tsaya a gefe har aka idar, sannan aka kai shi makwancinsa. Da aka zauna rabon gado, malamai suka tabbatar da cewa tunda ya rasu gidan na hannunta, kyauta ta inganta, aka raba shago da kekuna kawai.

Ya bar 'ya'ya huɗu: Ikrima, ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kamila, malamar asibiti, Falmata, mai sunan mahaifiyarsa, tana aure a Fagge, da Abdulhafiz, wanda shagon ya faɗo a rabonsa. Ya bar jikoki goma sha ɗaya, da matarsa Huseina, wadda har yau take zaune a gidanta na Kwaciri. Allah Ya jiƙansa, Ya sa kabarinsa ya fi masa kowane gida yalwa.