Wainar Jamus a Kaskon Inna

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya dawo Madarunfa daga yaƙin Turawa ba shi da hannun dama. Ana nan sai ciwo ya kwantar da shi, abinci ya fita ransa. In an dama masa fura ya kurɓa sau ɗaya ya ture, tuwo kuwa ko kallonsa ba ya yi. Inna takan shiga ɗakinsa da ƙwarya ta fito da ita yadda ta shiga, shi kuma yana ta ramewa.

A lokacin ina lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi, na zo hutu. Ba ni da surutu, shi ya sa yake son in zauna wurinsa. Yakan ba ni labarin wani ƙauye a ƙasar Jamus inda suka yi zango kafin harsashi ya same shi, da wata tsohuwa mai soya musu wainar dankalin turawa. Kullum in ya maimaita sai ya tuno wani abu da bai faɗa ba, ni kuwa ina riƙewa. Rannan ya ce da zai samu wannan waina, da ya ci.

Inna na jin haka ta aika wurin wani mai lambu da ke noma wa Turawa, aka kawo ɗan ƙaramin kwando. Ta yi masa yadda aka saba yi wa abinci a gidanmu: ta dafa rabi, ta kirɓa a turmi har ya yi danƙo, ta riƙa sakawa cikin mai kamar ƙosai. Ya watse, ya shanye man. Kawu ya leƙa akushin, ya juya fuskarsa bango.

Na je bakin madafa. Na ce, "Inna, ba a dafa shi. Ɗanye ake gurzawa."

Kakata, wadda ke zaune tana kaɗi, ta fashe da dariya. "Ɗanye? Ku ji mijin nawa! Abin da mushe malaminku ke koya muku ke nan? In ka taɓa murhu, ni dai sai ka ba ni takardata."

"Na sake ki tun jiya," na ce, ina kallon ƙasa. Ban taɓa mayar mata da wasa ba sai ranar.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta turo mini kwandon da ƙafa, ta ce, "Ka dai san shi ke nan ya rage."

Na samo gwangwanin sardin, na huhhuda gindinsa da ƙusa, layi bayan layi, na gurza dankalin a kan kaushin hudar. Har yatsana na gurza. Na gurza albasa a kai, na zuba duka a tsohon ɗankwalin Inna, na murɗe shi cikin ƙwarya sai da ya daina ɗiga. Inna ta kai hannu za ta zubar da ruwan, na riƙe bakin ƙwaryar. Kawu ya taɓa cewa tsohuwar takan bar ruwan ya kwanta, ta tsiyaye, ta kankare wani farin abu a ƙasa ta mayar ciki. Muka jira. Da na tsiyaye, ga shi nan fari fat kamar alli. Na haɗa da ƙwai da gishiri da ɗan gari.

Man gyaɗa kaɗan na shafa wa kasko. Na zuba ƙullin, na danne shi da bayan ludayi ya yi faɗi. Inna ta ce in juya, zai ƙone. Na ce sai gefen ya yi ja. Da na juya, wainar ta tashi ɗungum, ba ta karye ba.

Kafin in kwashe muka ji muryar Kawu daga ɗaki: "Wa ke suya?"

"Kishiyata ce," in ji kakata, tana dubana.

Ni na kai masa. Ya tashi zaune, ya gutsura, muka ji ƙaras har bakin ƙofa. Ya daɗe yana taunawa, Inna tana tsaye bayana ta riƙe bakin zane. Ya cinye, ya lashe yatsu, sannan ya dube ni.

"Gishirin bai ji ba, ɗan lakwal. Akwai saura?"

Na ce akwai. Ko da na koma madafa, na tarar Inna ta riga ni, ta iza wuta, ta matsa gefe ta bar mini kujerarta.