Sababbin Ƙafafun Jirgin Yaya

A shekarun nan da komai ya yi tsada, har sabulu sai an bi layi, ni da yayana muna da jirgin ruwa a dam ɗin Watari. Mutane kan yi dariya idan na faɗi haka, don ƙasarmu ta gero da gyaɗa ce, gona manne da gona, ba a san mu da ruwa ba. Amma da aka tare kogin, ruwa ya shiga tsakanin ƙauyenmu da kasuwar tsallake, tafiyar da ake yi da ƙafa ta koma dogon zagaye.

Masu aikin dam ɗin ne suka tafi suka bar jirgin, Yaya ya saye shi a gwanjo. Shi ke tuƙi, ni kuwa sana'ata gyaran injin ban-ruwa, don haka ciwon jirgin duk a kaina yake. Injina biyu ne a cikinsa, kowanne da abin da muke kira ƙafa: wani ƙarfe ne da ya ɓullo ta bangon baya ya nutse a ruwa, da farfela a ƙarshensa. Ita ke tura jirgin, ita ke juya shi. Injinan lafiyarsu ƙalau, ƙafafun ne suka tsufa. Ta hagu ta fara cinye haƙoran giyarta, ta dama ta bi sahu ana tsakiyar kakar tumatir.

Na zagaye kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano rumfa rumfa da guntun giyar a aljihu. Wani dattijo mai kayan gyara ya jujjuya ta a hannu ya ce, "Ɗana, masu yin wannan sun daina tun tuni. Ko mai kuɗi ba zai samu ba."

Jirgi ya zauna a tudu, awaki suna kwana a inuwarsa. Tumatir ɗin mutane yana ruɓewa a kwando, don motar da za ta zagaya ba ta da mai.

Ana nan sai dattijon ya aiko direban motar kasuwa ya ce in zo. A bayan rumfarsa na tarar da ƙafafu biyu kwance a kan buhu, baƙaƙe, an ciro su daga wani jirgi da ya fashe a Neja. Na murza farfelar da yatsa, ta juya sumul. Sai dai ba na kamfanin namu ba ne, ko kama ba su yi ba.

"Za su shiga?" in ji shi.

"Baba, ba za su shiga ba," na ce, ina dariya ni kaɗai. "Amma za mu shigar da su."

Yaya ya sayar da bijiminsa na huɗa. Inna ta ji, ta ce mun haukace mu biyun, ta kuma kwana biyu ba ta amsa gaisuwarmu da kyau. Duk da haka ita ce ta riƙa aiko mana da fura bakin ruwa.

Aikin ya fi yadda na zata. Ramin tsofaffin ƙafafun faffaɗa ne, sababbin suna son dogo siriri, ramukan noti kuma ko ɗaya bai dace ba. Na shimfiɗa kwali a fuskar sabuwar ƙafa, na bubbuga da guduma har siffarta ta fito, na yanke. Kafintan ƙauyenmu ya toshe tsofaffin ramukan da katakon maɗaci, muka shafe da gam ciki da waje, muka bari ya bushe. Da lokacin huda sabon rami ya zo, Yaya ya riƙe hannuna.

"Ka tabbata? In ka yanka ba daidai ba, sai dai mu yi akurkin kaji da shi."

"Yaya, sakar mini hannu ka yi bisimilla."

Ya saki, ya juya baya, bai iya kallo ba. Zarto ya shiga.

Saura haɗa inji da ƙafa, don bakinsu ba ɗaya ba ne. Na kai su wajen mai sassaƙa ƙarfe a Bichi, muka zauna jiran wutar lantarki. In an kawo sai mu tashi a guje, kafin ya gama gefe ɗaya an ɗauke. Haka muka yi ta fama har ya fitar mana da faifan ƙarfe biyu masu sheƙi. Na rungumo su a mota kamar jarirai. Da na ɗora na farko, notocin suka zauna ɗaya bayan ɗaya ba gardama, sai na yi wata kuwwa da ta sa masu wanki a bakin ruwa suka miƙe tsaye.

Ranar gwaji ba mu gayyaci kowa ba, amma gari ya fito. Majiya ƙarfi suka tura jirgin bisa guma-guman itace har ya hau ruwa. Na kwanta rub da ciki ina shafa bangon baya, ina neman ɗigon ruwa. Babu. Yaya ya tayar da inji na farko, ya tayar da na biyu, ƙararsu ta cika wurin. Mata suka rangaɗa guɗa. Ya gyara hula, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya tura giya gaba.

Jirgi ya zabura da baya.

Kai tsaye muka nufi gaɓa, mutane suka watse, liman ya tattare babbar riga ya haye tudu. Muka afka cikin kainuwa da taɓo, Yaya ya faɗo kaina. Sai dariya ta ɓarke, har da masu kwanciya a ƙasa.

"Me ka yi mini?" Yaya ya ce, taɓo har gemunsa.

Ina dariya ina lissafi. Farfelun nan biyu ba iri ɗaya ba ne, ɗaya dama take juyawa, ɗaya hagu. Tun a Kano aka kwance su aka zuba a buhu guda, muka ɗaura kowace a ƙafar 'yar'uwarta. Na tuɓe riga na faɗa ruwa da sifana, na sauya su.

Wannan karon da Yaya ya tura giya, hancin jirgin ya ɗaga sama. Ban taɓa jin ya yi gudu haka ba. Iska ta cika mini baki, ƙauyenmu ya ƙanƙance a baya, Yaya yana ihu yana kiran sunan Allah. Ya karya kan jirgin dama, ya bi, ya karya hagu, ya bi. Muka taɓa tsallake muka juyo ba mu ko sauka ba.

Washegari kasuwa ke ci. Tun da hantsi kwandunan tumatir da albasa sun yi layi a bakin ruwa, muka yi ta jigila har la'asar. Jirgin ya yi mana shekaru yana aiki, sai da aka yi hanyar mota ta kusa sannan muka sayar wa wasu masunta. Har yau in na haɗu da tsofaffin garinmu, ba sa tambayata gudun da ya yi, sai dai su ce in ba su labarin ranar da liman ya hau tudu.