Koton Roba na Malam Isiyaku

Har in koma ga Allah ba na jin zan manta da ranar da muka kwance ɗaurin Malam Isiyaku. Ku da kuka shigo aikin kago kwanan nan ku saurara, don injin matsin nan da kuke alfahari da shi, shi ya yi ɓarnar.

Lokacin ina mai awo a wani sito kusa da Guangyuan, a ƙasar Caina. Ga wanda bai san aikin ba, ɗan kasuwa ne zai kawo kaya, mai awo ya auna tsawo da faɗi da tudu, domin a jirgin ruwa wurin da kaya suka cinye ake biya. Daga nan su wuce hannun masu ɗauri, a jira kwantena ta cika. Shugaban masu ɗaurinmu Masta Awudu ne, mutumin zangon Kumasi, gwani na ƙin ƙarawa. Jins ɗin Xintang da zai cika ɗaki, Awudu zai zazzage shi daga kwali, ya danna a inji, ya naɗe da salatif, ya dawo kamar buhun gero. Alhazan Kano har layi suke yi masa.

Shi kuwa Malam Isiyaku Basarke ne daga Yawuri, ɗan gidan masunta. Ya zo da jarinsa, jarin ya karye, kunya ta hana shi komawa, ya ɓige da dako da rakiyar baƙi kasuwa har furfura ta fito masa. A Panyu yake haya, maƙwabcinsa wani tsohon ɗan Caina mai zuba koton roba na sa wa ƙugiya a gida, yana sayar wa masu kamun kifin bas, da wani kifin ƙasashen sanyi wai shi walayi. A wurinsa Malam ya koyi narka roba a tukunya, a sa launi da gishiri, a tsiyaya cikin mazubi. Mazubansa kuwa da hannunsa ya yi su da filasta, ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru, wani siffar tana, wani siffar 'yar karfasa irin ta kogin Kwara.

Ya taɓa jana wani tafki a Panyu inda ake biya a yi fatsa. Ya soka robar a ƙugiya ya wurga, yana ɗan girgiza sandar. Ina cikin yi masa dariya sai igiya ta ɗaure, ga bas yana tsalle. Ranar na fara ganin haƙoransa.

"Ɗan'uwa, abin da ya ruɗi bas zai ruɗi giwan ruwa," in ji shi. "Da wannan zan koma gida, ba hannu rabbana ba."

A watan Yuli, ana tsakiyar zafi, ya kawo mana kwali uku. Biyu koto ne, na ukun mazubai a naɗe cikin tsumma. Ya riƙe hannuna ya ce robar iri biyu ce, mai laushi da mai talewa, kuma ba sa ga maciji da juna. In suka haɗu wuri ɗaya, cin juna suke yi har su narke. Na auna, na je na sami Awudu na ce, "Masta, na Malam kada a taɓa." Ya ce ya ji. Washegari Oga mai siton ya tura ni Xintang karɓo kaya, na yi kwanaki a can.

Awudu ya ɗaga kwalayen ya ji sakayau. Shi a saninsa, duk mai cewa kada a taɓa masa kaya tsoron kuɗin ɗauri yake yi. Tausayi ya kama shi. Ya juye kwali biyun a jaka ɗaya, ya cusa mazuban a tsakiya wai robar ta zame musu matashi, ya danna a inji, ya naɗe tam, kyauta. Jakar ta zauna ƙarƙashin rufin kwano tana jiran kwantena.

Ranar lodi na dawo. Masu lodi suka ƙi ɗaukar wata jaka don tana tsiyayar mai a ƙasa. Da na ga sunan da ke jiki gabana ya faɗi. Na sa wuƙa na farke. Curi guda ne, mai danƙo kamar alewar da ta kwana a rana, launuka sun cakuɗe, ga gutsattsarin filasta ta ko'ina. Mazubi ko ɗaya bai tsira ba.

"Aboki, rabin kwalin nan iska ne fa," in ji Awudu. "Na ce bawan Allah nan zai biya kuɗin iska? Wallahi taimako na yi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Zagin wa zan yi? Mutumin da ya yi aikin alheri?

Ni na kira Malam Isiyaku, kuma ban taɓa yin kiran da ya yi mini nauyi haka ba. Ya zo ya tsuguna gaban jakar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya cusa hannu ya zaro wani guntun filasta mai zanen wutsiyar karfasa, ya goge shi da bakin rigarsa. Awudu ya durƙusa yana hawaye, ya ce zai biya ko nawa ne.

"Tashi, Masta. Me za ka biya?" Ya juyo gare ni. "Na riga na gaya wa yarana a gida ina tafe musu da sana'a. Babban har ya gyara kwalekwalen babanmu."

Na ce masa a sake sassaƙa wasu mana, Allah na nan. Ya miƙo mini hannuwansa in gani, suna karkarwa, ga idon ma ya soma hazo. Duk da haka na raka shi Panyu ko tsohon nan zai ara masa nasa mazuban. Wata mata ta leƙo ta ce, "Mayo, mayo," wato babu. Tsohon ya tattara ya koma ƙauyensu.

Ranar tafiyarsa ta zo ta wuce, Malam bai hau jirgi ba. Har yanzu nakan hango shi a bakin tashar metro ta Guangyuan, ya saɓa jakar wani Alhaji a kafaɗa. Kullum sai ya riga ni gaisuwa, ni kuwa na fi son in sauya hanya. Bai sake ambaton kifi ba, ban kuma sake ganin haƙoransa ba.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne. Aikin nan namu ya horar da mu mu ga kowane kaya a matsayin tsawo da faɗi da tudu, har tausayinmu ma da inji muke yin sa. Don haka in mutum ya ce kada a taɓa, ku tsaya ku tambaye shi dalili, ku kuma faɗa wa na gaba dalilin. Wani kwalin rabinsa iska ne, amma da shi ne mai shi zai iya kallon idon 'ya'yansa ba kunya.