Ranar da Na Yi Rigimar Kuɗin Magani a Gaban Mama

Edita, a shekarun alif ɗari tara da saba'in da wani abu, ni matashin malamin firamare ne a Kafanchan, ɗan fari a gidanmu, kuma wanda ya fara cin albashi a duk danginmu. Ina da keke sabo da farar riga, ina jin babu abin da ya fi ƙarfin bakina. Mahaifinmu ya riga ya rasu. Mama tana ƙauye tare da ƙanwata, suna noman citta, ita ce kuma mai ba da waƙa a zumuntar mata ta ikilisiyarmu. Matsalarta ɗaya, ciwon fuka. Da an fara fere citta ana shanyawa, sai ƙirjinta ya toshe, ka ji numfashinta yana fito kamar usur.

Idan ciwon ya tashi, wani ƙaramin asibitin mishan muke kai ta. Akwai wata 'yar kwalba da ake zuba magani a ciki, mai roba kamar ta hon ɗin keke. Nas tana matsawa, Mama tana shaƙa, kafin wani lokaci sai ƙirjin ya buɗe. Maganin yana aiki, amma akwai tsada, kuma ni nake biya. Ban taɓa ƙorafi ba sai da aka tura ni kwas Kaduna. A can na raka wani abokina asibitin gwamnati da ɗansa mai irin wannan ciwo, na ga an ba yaron maganin shaƙa, abin da uban ya biya kuwa bai taka kara ya karya ba. Na dawo gida da zafin rai, ina ganin an daɗe ana cutarmu.

Da ciwon ya sake tashi muka je, aka ba Mama magani, aka zaunar da ita a benci ta huta. Da nas ta faɗi kuɗi sai na ɗaga murya. Na ce mata na je Kaduna na gani da idona, su a nan don sun ga mu mutanen ƙauye ne shi ya sa suke tatsarmu, albashina duk a hannunsu yake ƙarewa, ko aure na kasa yi saboda wannan kwalba. Nas ta ce in yi haƙuri, su sayen maganin suke yi daga nesa, babu mai taimaka musu. Ban saurare ta ba. Na ajiye kuɗin da ƙarfi, na juya na ce wa Mama idan an yi hutu zan kai ta Kaduna, mun gama da wurin nan. Da Hausa na yi duk wannan faɗa, ba da Turanci ba, Mama kuwa tana jin Hausa sarai. Ta gyara ɗankwalinta muka tafi.

Daga nan duk lokacin da na je ƙauye na tambaye ta jiki, sai ta ce Ubangiji ya taɓa ta, ta warke. Na yi murna har na ba da shaida a majami'a. Na lura ta daina ba da waƙa, ta ce ta bar wa yara ne su koya. Na lura kuma ta rame, na ɗauka aikin gona ne. Hutu ya zo, na ce tunda ta warke babu amfanin tafiya Kaduna.

Wata Asabar da rana ina wanki sai ga ƙanwata a kan keken aro, ƙafafunta duk ƙura, tana kuka. Ta ce Yaya, Mama ba ta taɓa warkewa ba, ta hana ni faɗa maka ne. A zaune take kwana, tana turara ganye tana shaƙa, yau kuma ta kasa magana. Ban san yadda na isa ƙauye ba. Na tarar da Mama ta dafa turmi da hannu biyu, wuyanta yana shiga yana fita, leɓɓanta sun yi duhu. Da na ce mu tafi asibiti sai ta girgiza kai, ta kama rigata, da ƙyar ta fitar da kalma uku: "Ka bari... Kaduna."

Muka ɗora ta a bayan keke, wani kawuna yana riƙe da ita, ni ina turawa har bakin titi. Babu mota. Ina tsaye ina sauraron numfashinta, in na ji fiton nan in ji tsoro, in ya yi shiru in fi jin tsoro. Wata babbar mota ta zo, ashe citta ta ɗauko, abin da yake tayar mata da ciwon, amma ba mu da zaɓi. Na roƙi direban ya sa Mama a gaba, na rufe mata hanci da rigata, ina addu'ar da ni kaina ban san me nake faɗa ba.

Nas ɗin da na ci wa mutunci ita muka tarar. Ko kallon banza ba ta yi mini ba. Ta ɗauko kwalbar ta fara matsawa, amma Mama ba ta da ƙarfin ja. Sai da aka haɗa da allura, ni ina riƙe da kafaɗarta, kafin na ji ta ja iska mai tsawo ta yi tari.

Mama ta rayu, amma ƙirjinta bai koma daidai ba, tafiya kaɗan sai ta nemi wurin zama. Bayan an sallame ta na durƙusa na tambaye ta dalili. Ta ce ɗana, na ji abin da ka faɗa ranar nan, ta yaya zan zauna ina shaƙe albashinka kai kuma ba ka da mata?

Har yau ina ganin bai kamata magani ya yi araha a birni ya yi tsada a ƙauye ba, kuma ba laifi ba ne mutum ya tambayi dalili. Amma 'yan'uwa masu jinyar iyaye, idan kuɗin magani ya yi muku nauyi, ku fita waje ku yi maganarku. Mara lafiyan da ke kan benci yana ji. Kuma idan tsohuwarku ta ce muku ta warke, kada ku tsaya a kan maganarta. Ku zauna kusa da ita, ku saurari numfashinta.