Duwatsun Falon Dickson

Dickson Yafet ɗan shekara sittin da uku ne, tsohon makanikin jirgin ƙasa, mazaunin Kafanchan. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana kiwon tarwaɗa a bayan gida kafin ɗansa Asher, da ke aiki a Legas, ya turo masa bidiyon wani akwatin gilashi mai kifayen teku. Tun daga ranar tarwaɗa ta daina burge shi.

Bai yi gaggawa ba, wata takwas yana shiri. Ya sayi irin akwatin, ya sa mai walda ya ƙera masa teburin ƙarfe da zai ɗora shi a falo, don ruwa lita ɗari biyu ya fi ƙarfin katako. Ya ƙara wa solarsa batir saboda kada famfon da ke juya ruwan ya tsaya in an ɗauke wuta. Gishirin miya ba ya yi wajen haɗa ruwan teku, sai na musamman, wanda Asher ya aiko a motar Legas tare da matatar ruwa da wasu duwatsu masu ramuka, a jiƙe cikin kula. A jikin duwatsun nan akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye dattin kifi. Sai sun yi mako shida a ruwa kafin a sa kifi ko murjani mai rai na teku. In suka mutu kuwa, aiki ya koma farko.

A mako na huɗu duwatsun suka rine, suka koma ruwan ƙasa, gilashin ma ya dushe. Dickson ya san haka ake yi. Matarsa Jacinta ba ta yarda ba. Ita ke wanke tankunan tarwaɗa, kuma a wurinta duk abin da ya yi gansakuka soso yake nema.

Wata Asabar yana gonar cittarsa a Madakiya sai ya tuna zumuntar matan coci za ta taru a falonsu da yamma, Jacinta kuma tun safe take goge-goge. Ya kira ta, waya a kashe. Ya yar da fartanya ya hau babur.

Ya tarar da akwatin lulluɓe da zanen zumunta, famfo na ta aiki a ƙarƙashi. Ya ɗaga gefen zanen. Duwatsu na nan da dattinsu.

"Baban Asher, lafiya? Wa ya biyo ka?" in ji Jacinta daga ƙofar kicin.

"Ba ki taɓa su ba?"

"Har na kawo sabulu da soso. Sai na tuna su kake fara gaisarwa da safe kafin ni. Na ce kar a ce na kashe maka dangi. Amma matan coci ba za su ga wannan ƙazanta a falona ba."

Dickson ya zauna a hannun kujera, ya ce a ba shi ruwan sha.

Bayan kwana goma launin ya washe da kansa. Ran Talatar da ta wuce Dickson ya je tasha ya karɓo kifaye biyu da Asher ya aiko, masu launin ruwan lemo da farin ratsi. Ya bar ledarsu tana yawo a saman ruwan na minti ashirin don su saba da ɗuminsa, sannan ya sake su.