Yadda Na Yi Kiwon Tuji a Gonar Surukina

A wancan lokacin ni ma'aikacin ofis ne a nan Jalingo, ga tumbi ga takalmi sau-ciki, ina ganin duk wanda ya duƙa da fartanya bai waye ba. Da ritaya ta ƙarato, surukina, dattijon da ya tsufa a noma, ya ba ni aron gonarsa da ke kan hanyar Mutum Biyu. Sharaɗinsa ɗaya ne: in riƙe ta tsaf yadda ya ba ni, in ba haka ba ya karɓe abarsa. Na bugi ƙirji na ce Baba ya kwantar da hankalinsa, zamanin ciwon baya ya wuce, yanzu feshi ake yi.

Shekarar farko kam na yi fice. Na goya injin feshi na bi gonar da maganin ciyawa, cikin kwanaki ta bushe ƙayau, masara ta tashi gwanin sha'awa. Sai dai wasu 'yan tushen ciyawar tuji, ba su fi biyar ba, sun ƙi mutuwa. Maƙwabciyata a gona, wata tsohuwa 'yar Mumuye, ta ce in tuge su da hannu tun ba su zubar da iri ba. Na sheƙe da dariya, na ce haba Mama, ni da takarduna in tsuguna wa ciyawa biyar? Ta kalle ni, ta kalli tumbina, ta ce to Allah ya ba da sa'a.

Haka na yi ta maimaita magani ɗaya duk damina. Wayona ma ya kai na riƙa zuba rabin murfi a inda aka ce murfi guda. A shekara ta uku tuji ta yi tsibi-tsibi, a ta huɗu ta mamaye gonar. Na ninka awon, na fesa har kafaɗata ta sage, ita kuwa sai ƙara sheƙi take kamar taki nake ba ta. Na tafi kasuwa ina kumfar baki, na ce wa mai shago jabu ya sayar min, na koma wani shagon na sayo mai hoto daban, shi ma bai kashe ta ba. Da na nuna wa malamin gona, ya juya kwalaben biyu ya nuna min sinadarin cikinsu ɗaya ne, riga kawai aka canza. Ya ce a cikin ciyawa da yawa akan samu 'yan kaɗan da magani ba ya kamawa. Ni na kashe musu abokan takara, na bar musu fili da taki, suka yi iri, 'ya'yansu suka gaji taurin kai. Ya ce gaskiya a kiwon tuji ba ni da na biyu a Taraba. Wallahi na ji kamar in nutse.

Ana haka surukina ya aiko zai zo ganin gona. Na ruɗe, na share bakin hanya tas, da niyyar in tsare shi a nan da hira. Ina! Dattijo ya ratsa ni da sandarsa har tsakiyar gona. Ya kama tushe ɗaya ya ja, ya ƙi fita. Ya miƙe a hankali ya tambaye ni a wace kasuwa ake sayen wannan amfanin. Ko faɗa bai yi min ba. Ya daɗe yana kallon ƙasar da ya ƙarar da ƙarfinsa a kanta, sannan ya ce daga yau gonar ta 'yarsa ce, wato matata. Wannan hukuncin nasa ya fi min zagi zafi, har yau ina jin kunyarsa.

Abin da na koya, 'yan'uwa manoma, shi ne kada ku dawwama a kan magani ɗaya, kada ku rage awo, ku riƙa canza shuka, kuma duk ciyawar da ta tsira daga feshi ku tuge ta kafin ta yi iri. Matata gyaɗa take shukawa yanzu, ta kuma ɗauke ni aikin cirar tuji. Damina biyu ke nan ina duƙe, in na ɗago in huta sai ta ce ba mu kai rabi ba.